Ƙodar mamaci mai ciwon hanta: a karɓa ko a ci gaba da jira?

Maman Khadija: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah likitocinmu da malamanmu ku taimaka mana da shawara. Yayana da ke Amurka ƙodarsa ta daina aiki, wanki ake masa sau uku a mako, sunansa kuma yana cikin jerin masu jiran dashe. To yanzu asibitin sun ba shi wata takarda, wai in ya yarda ya sa hannu, duk ranar da aka samu ƙodar mamacin da ke ɗauke da ciwon hanta nau'in C za a iya kiransa a dasa masa. Sun gaya masa cutar za ta iya shiga jikinsa, amma akwai maganin da za su ba shi ya rabu da ita. Shi hankalinsa ya karkata ga sa hannu. Hajiyarmu kuwa ta ce atafau, ba da yawunta ba. Tun jiya gidan babu daɗi.

Alhaji Baba: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya. 'Yata, ni dai ina bayan Hajiya. Mutum yana fama da ƙoda kuma a ƙara masa hanta? Ai wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Sannan a bincika da kyau, kada a ce don sun ga baƙar fata ne suka ware masa abin da wasu suka ƙi.

Ɗan Gashuwa: Baba, da girmanka, amma wanda bai taɓa kwanciya kusa da injin nan ba ba zai gane ba. Ni wankin ake mini. Awa huɗu kana kallon jininka yana fita ta roba yana dawowa, ka tashi jiri na ɗibarka, ranar nan ta tafi a banza. Ruwan da zan sha a wuni a gora ɗaya ake auna mini, a wannan zafin namu. Ƙanƙara nake tsotsa in yaudari maƙogwaro. Ayaba, lemo, dabino, duk an ce in yi nesa da su. Wallahi da ni aka miƙa wa takardar nan, kafin likita ya rufe baki na sa hannu.

Alhaji Baba: Allah Ya sawwaƙe, ɗana. Amma zafin ciwo ba ya zama hujja.

Dakta Bashir: Salamu alaikum. Yanzu na fito daga zagayen marasa lafiya na tarar da maganar. Maman Khadija, abin da aka ba Yaya ba sabon abu ba ne, kuma ba gwaji ake so a yi da shi ba. Bari in faɗi yadda aka zo nan.

Kafin 2013 maganin ciwon hanta nau'in C allurar interferon ce, ana shafe watanni ana yi, tana wahalar da mutum, kuma ba kowa take warkarwa ba. Ga wanda aka dasa wa ƙoda ma haɗari ce, don tana iya tunzura jiki ya ƙi ƙodar. Shi ya sa ƙodar mamaci mai wannan cuta galibi zubarwa ake yi, ko a ba wanda shi ma yake da ita. A ƙarshen 2013 aka amince da sofosbuvir a Amurka, wasu magungunan irinsa suka biyo baya. Ƙwayoyi ne da ake haɗiya mako 8 zuwa 12, kuma fiye da mutum 95 cikin 100 suna rabuwa da cutar kwata-kwata, ba wai danne ta ake yi ba.

A daidai lokacin kuma Amurka na cikin bala'in ƙwayoyin sa maye. Matasa da yawa suna mutuwa, da damansu sun kamu da ciwon hanta ta hanyar allura, amma ƙodarsu lafiyayya ce, ta matashi. Sai likitoci a Jami'ar Pennsylvania suka dasa irin wannan ƙoda ga mutum 10 da ba su da cutar, da saninsu da yardarsu. Cutar ta bayyana a jininsu bayan tiyata, aka ba su magani, duka goman suka warke, ƙodar kuma ta ci gaba da aiki. An wallafa sakamakon a 2017. Asibitin Johns Hopkins ya yi makamancinsa da wasu mutum 10, su kuma tun kafin a shiga tiyata suka fara ba da maganin. Daga nan abin ya bazu, yau asibitocin dashe da yawa a can suna yi.

Alhaji Baba: To likita, me ya sa ba za a bar shi ya jira mai tsabta ba?

Dakta Bashir: Ranka ya daɗe, jiran ne matsalar. Masu jiran ƙoda a Amurka sun kai wajen mutum 90,000, kuma shekaru ake yi a layi. Wankin ƙoda yana riƙe rai, amma a hankali yana cin zuciya da jijiyoyin jini. Dubbai suna rasuwa duk shekara ko su raunana har a cire su daga jerin kafin layi ya zo kansu. Don haka ba ƙoda biyu aka ajiye a gabansa aka ce ya zaɓa ba. Zaɓin shi ne ƙodar da ke da cutar da ake warkarwa nan kusa, ko wadda ba ta da ita a ranar da babu wanda ya sani.

Maganar baƙar fata kuma, ban ce babu wariya a harkar lafiya a can ba, akwai tarihinta. Amma wannan takardar ana miƙa wa masu jira ne ba tare da duba launi ba, kuma in ya ƙi sa hannu matsayinsa a layi ba ya canjawa. Ko ya sa hannu ma, daren da aka kira shi a waya yana da ikon cewa a'a.

Maman Khadija: Likita Allah Ya saka da alheri. Wato babu wani haɗari ke nan?

Dakta Bashir: A'a Hajiya, ban faɗi haka ba. Babban haɗarin shi ne jinkirin magani. Wanda aka yi wa dashe ana ba shi magungunan da ke rage ƙarfin garkuwar jiki don kada jikin ya yaƙi ƙodar, to a irin wannan hali ƙwayar cutar tana samun sarari. In aka ɗauki lokaci ba a fara magani ba, akwai wani nau'in kumburin hanta mai tsanani da kan taso, ba kasafai ba, amma yana faruwa. Ki ce wa Yaya ya tambaye su wa zai biya kuɗin maganin, inshora ko asibiti, kuma a rubuce. Ya tambayi yaushe za a fara ba shi, ranar tiyata ko sai inshora ta amince. A kuma duba lafiyar hantarsa tun yanzu. Lokacin da sofosbuvir ya fito dala 84,000 ake sayar da na mako 12, ƙwaya ɗaya dala 1,000. Farashi ya sauka daga baya, amma a Amurka har yanzu ba abin da mutum zai ciro daga aljihu ba ne.

Abban Sadiq: Ni ma ƙanena yana da ciwon hanta, shekara da shekaru yana shan magani bai warke ba. Ta yaya za a ce mako 12? Likitoci ku ji tsoron Allah.

Sista Rabi: Abban Sadiq, ka duba takardar gwajinsa, ina kyautata zaton nau'in B ne. Mutanenmu duk ciwon hanta suke cewa, alhali cutuka ne daban. C ana warkewa amma ba shi da rigakafi. B yana da allurar rigakafi amma in ya zauna a jiki ba a cika rabuwa da shi ba, sai dai a danne shi da tenofovir ko entecavir. Mu nan B ne ya fi damunmu. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da shi, C kuwa kusan 1 cikin 100. A sashenmu na wankin ƙoda masu B injinsu daban, kusurwarsu daban, ko safar hannu ba ma tsallakawa da ita daga can zuwa nan.

Abban Sadiq: Na duba. B ne. To mamacin da ke da nau'in B fa, ana ɗaukar ƙodarsa?

Dakta Bashir: Ya danganta. Akwai wanda cutar ta taɓa shigarsa jikinsa ya ci ƙarfinta, alama kawai ta rage a jini. Ƙodar irin wannan an daɗe ana dasawa, musamman ga wanda ya yi rigakafi kuma gwaji ya nuna rigakafin ya kama, haɗarin kaɗan ne. Akwai kuma wanda cutar ke nan daram a jininsa. Wannan an fi taka-tsantsan da shi. A wasu ƙasashen Asiya inda B ya yi yawa suna dasawa ga mai cutar ko mai garkuwa daga gare ta, tare da magani. Amma ba kamar C ba ne da za a ce wata uku an gama.

Kuma in za mu faɗi gaskiya, ƙodar da babu wata ƙwayar cuta a cikinta ba ta da yawa. Akwai wata da ake kira CMV, mafi yawan manya a duniya suna ɗauke da ita tun yarinta ba su sani ba. Kullum ana dasa ƙodar masu ita, a ba mutum maganin kariya na wasu watanni. Ko a lokacin korona, daga baya an yi ta dasa ƙodar waɗanda gwaji ya nuna suna da ita, huhu ne aka fi gudu.

Admin: Wata 'yar'uwa a gidan nan ta turo mini saƙo ta bayan fage, ta roƙi kada a ambaci sunanta. Ga shi yadda ta rubuta: "Ina ɗauke da HIV, ina shan magani ba fashi, gwaji ba ya ganin cutar a jinina. Yanzu an ce ƙodata ta fara rauni. Wani ma'aikaci a wani asibiti ya ce mini irinmu ba a yi mana dashe, asarar ƙoda ce. Da gaske ne?" Don Allah a amsa da mutunci. Duk wanda ya yi habaici zan cire shi.

Dakta Bashir: 'Yar'uwa, Allah Ya ƙara lafiya. Abin da aka gaya miki tsohon zance ne. Ana yi wa mai HIV dashe in cutar ta kwanta a jini kuma ma'aunin garkuwarsa na CD4 ya haura 200. Har ma ana dasa masa ƙodar mamacin da shi ma yake da HIV, kuma a Afirka aka fara wannan, ba a Turai ba.

A 2008 wata likitar tiyata, Elmi Muller, a asibitin Groote Schuur da ke Cape Town, asibitin da aka fara dashen zuciya a duniya a 1967, ta ga masu HIV suna mutuwa saboda injinan wanki na gwamnati ba su isa ba kuma ba a sa su a layi. A gefe guda ana binne matasa masu HIV da ƙodarsu lafiya lau. Ta dasa wa mutum huɗu a farko, ta sha suka sosai. A 2015 ta fitar da sakamakon mutum 27: kashi 84 cikin 100 suna raye bayan shekara ɗaya, kashi 74 bayan shekara biyar. Ku tuna waɗannan mutane ne da ba su da wata mafita.

Amurka kuwa tun 1988 doka ta hana amfani da sassan jikin mai HIV. Sai a 2013 Obama ya sa hannu a dokar da ta buɗe ƙofa, a 2016 Johns Hopkins suka yi na farko. A 2024 aka fitar da binciken mutum 198 masu HIV, rabi sun karɓi ƙodar mamaci mai cutar, rabi ta marar ita, sakamakon ya zo kusan ɗaya. A ƙarshen shekarar gwamnati ta cire sharaɗin cewa sai a ƙarƙashin bincike za a yi. Amma a lura, daga mai HIV zuwa mai HIV ne.

Ke kuma abin da ya fi gaggawa, ki je wa likitan da ke ba ki magani da sakamakon gwajin ƙodar. Haɗin da aka fi bayarwa a Najeriya yana da tenofovir a ciki, shi kuma yakan taɓa ƙoda, wataƙila a canja miki. Kada ki daina sha da kanki.

Mai Kemis: Ƙari a kan na likita. Wasu magungunan HIV, masu ritonavir a ciki, ba sa jituwa da tacrolimus, maganin da mai dashe ke sha kullum. Suna sa ya taru a jini har ya zama guba. Dolutegravir da ake bayarwa yanzu ba shi da wannan rigimar. Shi ya sa ba a ɓoye wa likitan ƙoda komai.

Alhaji Baba: Duk na ji. Amma ku gaya mini tsakani da Allah, ba a taɓa kashe mutum da irin wannan ba?

Dakta Bashir: An taɓa, Alhaji, amma dubi ta inda abin ya zo. A 2004 a Amurka mutum huɗu sun rasu bayan an dasa musu sassan jikin wani mamaci da ba a gane ciwon haukan kare ne ya kashe shi ba. A 2007 a Chicago mutum huɗu sun kamu da HIV da ciwon hanta nau'in C daga mamaci ɗaya, saboda bai daɗe da kamuwa ba, gwajin da aka yi a lokacin bai gano ba. A Taiwan a 2011 mutum biyar aka dasa wa sassan mai HIV saboda an karanta sakamakon gwaji ta waya, mai saurare ya ji ba daidai ba. A duka ukun likitocin tiyatar ba su san da cutar ba kafin a yanka. Wadda aka sani, aka rubuta a takarda, aka tanadi maganinta, ba ita ke ba ni tsoro ba. Kuma har yau mamacin da ya mutu da zazzaɓin ƙwaƙwalwar da ba a gano sababinsa ba, ƙa'ida ita ce a guje shi.

Ummu Aiman: Ni duk ba wannan ne ya dame ni ba. Gawa fa ake magana. Ya halatta a yanka mamaci a ciri wani abu? Ina Malam Habibu?

Malam Habibu: Ina nan ina karantawa, Malama. Mas'ala ce da malamai suka yi saɓani a kanta, kuma kowane ɓangare yana da abin riƙo. Waɗanda suka hana sun kafa hujja da hadisin Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, da kuma cewa jiki amana ne ba mallakar mutum ba. Shehu Ibn Usaimin da Shehu Sha'arawi suna cikin masu wannan ra'ayi. Waɗanda suka halatta sun dubi larura da ayar Suratul Ma'ida a kan wanda ya raya rai guda. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta halatta a 1982. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar sashen jikin mamaci don ceton mai rai, da sharaɗin izininsa kafin ya rasu ko izinin magadansa, ta kuma haramta saye da sayarwa.

Game da cutar da ke cikin ƙodar, ƙa'idar malamai ita ce ana ɗaukar ƙaramar cuta don kauce wa babba, kuma masu tantance wace ce ƙarama likitoci ne amintattu, ba mu ba. Maman Khadija, ki gaya wa Hajiya da lafazi mai taushi, uwa ce, tsoro ne ya sa. In da hali Yayan ya haɗa ta da likitansa a waya, a samu mai fassara.

Ummu Aiman: Allah Ya gafarta Malam, amma na ji an ce zuciyar mutumin tana bugawa ake cirewa. Wannan mamaci ne?

Malam Habibu: Nan ne wurin da ya fi wuya. A zaman Amman na 1986 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi da na ambata ta ɗauki mutuwar ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, wadda ƙwararru suka tabbatar ba ta dawowa, a matsayin mutuwa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 1987 ta ce ana iya cire na'urar numfashi, amma ba a hukunta mutuwa sai zuciya ta tsaya. Ni ban isa in rufe wannan ƙofa a cikin saƙon waya ba.

Ɗan Gashuwa: To mu na gida fa? Duk wannan labarin Amurka ne da Afirka ta Kudu. Mu a Gashuwa da Nguru da Haɗejiya kusan kowace unguwa akwai gidan da ciwon ƙoda ya shiga.

Dakta Bashir: Ɗan'uwa, mu ko matakin farko ba mu taka ba. An fara dashen ƙoda a Najeriya a 2000 a asibitin St. Nicholas da ke Legas, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara a 2002, amma daga masu rai ake karɓa, ɗan'uwa ya ba ɗan'uwa. Tsarin karɓa daga mamaci ba mu da shi a aikace, duk da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba mutum damar yin wasiyya da sassan jikinsa. Abin yana buƙatar gadon kulawa ta musamman da na'urar numfashi da wutar da ba ta ɗaukewa, da likitocin da za su tabbatar da mutuwa waɗanda ba su da alaƙa da masu dashen, da ɗakin gwajin da zai fitar da sakamakon jini cikin dare, da jerin masu jira da babu mai tsallake shi. Ƙoda in an cire ta, kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi take jurewa a cikin sanyi.

Sista Rabi: Ka manta da babba, likita. Mu da mutum zai cika da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Wa zai tari uba a bakin ɗaki, yana neman a ba shi gawar ɗansa ya je a yi sutura, ya ce masa Baba a ba mu ƙodarsa? Ni dai ba zan iya ba.

Abban Sadiq: Kuma jerin da babu mai tsallakewa a Najeriya? Ranar da aka fara, 'ya'yan manya ne za su kwashe masu lafiyar, a bar wa talaka mai cutar, maganin ma a ce ya saya da kansa. Ba mu manta da shari'ar Ekweremadu a Landan a 2023 ba, sanata guda ya ɗauki matashi mai talla daga Legas don a cire ƙodarsa.

Mai Kemis: Wannan tsoron gaskiya ne, amma kuɗin maganin C ba shi ne zai hana ba. Masar ta fi kowace ƙasa fama da shi a da, suka riƙa haɗa maganin a gida da araha, a 2018 suka fita gwada jama'a miliyoyi kyauta, a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba musu a matsayin ƙasar farko da ta kai matakin zinariya a hanyar kawar da shi. Na Indiya ma yana shigowa nan. Wanda ke karya mutane shi ne maganin hana jiki ƙin ƙodar, wanda za a sha har ƙarshen rai. Na ga wanda aka yi wa dashe lafiya, dangi suka sayar da gona aka biya tiyata, bayan shekara yana zuwa kanti yana tambaya ko zai iya shan rabin ƙwaya.

Alhaji Baba: Ni dai har yanzu da ɗana ne da sai na yi istihara tukuna. Amma na janye maganar baƙar fata tunda an ce yana iya ƙi.

Ɗan Gashuwa: Sista, tunda an zo maganar rigakafin B, ni an yi mini tun kafin in fara wanki. Ya wadatar?

Sista Rabi: Ba lallai ba. Masu wankin ƙoda jikinsu ba ya karɓar rigakafin kamar na sauran mutane, shi ya sa ake ninka musu adadin, wani lokaci a ƙara allura ta huɗu. Ka ce a yi maka gwajin da ke auna ƙarfin garkuwar, anti-HBs ake rubutawa a takarda. In bai kai 10 ba a sake maka. Ka tafi da katin rigakafin ranar wankinka na gaba, ka nuna wa nas ɗin da ke kanka.